YAƘIN SUNƘURU: Yadda Habashawa Suka Hana Italiya Barci Shekara Biyar

Ran 5 ga watan Mayu, 1936, Marshal Badoliyo ya shiga Adis Ababa da motocinsa na yaƙi, babu wanda ya tare shi a ƙofar gari. Kwana uku kafin nan Sarkin Sarakuna Haile Selassie ya hau jirgin ƙasa ya nufi Jibuti, daga can ya yi gudun hijira zuwa Ingila. A birnin Rum kuwa Musolini ya hau bene, ya gaya wa jama'arsa cewa yaƙi ya ƙare, Habasha ta zama ta Italiya. Aka yi ta kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, har aka ƙara wa Sarkin Italiya laƙabi, wai shi ne Sarkin Sarakunan Habasha.

Ran 5 ga watan Mayu, 1941, watau shekara biyar cif, Haile Selassie ya komo babban birninsa. A cikin waɗanda suka tarye shi akwai dubban mayaƙa masu gashi buzu-buzu, yawancinsu ba ko takalmi, waɗanda tun ran da ya tafi ba su ajiye bindiga ba. Habashawa suna kiransu Arbanyoc, watau 'yan kishin ƙasa.

Labarin waɗannan mutane mu ke so mu ba masu karatu, don a cikinsa a ke ganin irin yaƙin nan da mu ke kira yaƙin sunƙuru, waɗansu kuwa su ce sari-ka-noƙe. Turawa suna ce masa gerila, kalmar mutanen Sifen ce, ma'anarta ƙaramin yaƙi. Ta bazu ne tun zamanin da talakawan Sifen suka addabi rundunonin Nafoliyon daga 1808 zuwa 1814. Amma shi yaƙin ya girmi sunan da nisa, gama tun da a ke duniya marar ƙarfi ke neman dabarar da zai yi da mai ƙarfi. Za mu ga abin da irin wannan yaƙi ke iyawa, da abin da ba ya iyawa, da kuma wanda ke biyan kuɗinsa.

ABIN DA YAƘIN FILI YA KOYA MUSU

Da fari Habashawa ba su ɗauki sunƙuru a bakin kome ba. Al'adarsu ita ce sarki ya buga tambari, hakimai su taru da mutanensu, a yi gaba da gaba a fili, a gama a yini guda. Da haka Sarki Menelik ya karya Italiya a Adwa cikin 1896, kuma kowane yaro a ƙasar ya tashi da labarin wannan rana a kunnensa. Saboda haka da Italiya ta sake shigowa ran 3 ga Oktoba, 1935, manyan ƙasa suka zaci Adwa za a maimaita.

Ashe zamani ya juya. Wannan karon abokan gaba sun zo da jiragen sama, da motoci masu sulke, da igwa, da bindigogi masu ruwa, da kuma iskar guba wadda ke ƙona fata ta makantar da ido, ko da ya ke Italiya ta sa hannu a kan alkawarin da ya haramta ta. Duk inda Habashawa suka taru dubu bisa dubu, sai su zama abin bara ga jirgi. A Maicau, ran 31 ga Maris, 1936, Sarki da kansa ya ja rundunarsa ta ƙarshe, aka yini ana gwabzawa, aka karya shi. Waɗanda suka juya da baya kuwa jirage suka bi su har bakin tafkin Ashange, suna yi musu ruwan guba.

Duk da haka ba a ɗauki darasin nan take ba. A ƙarshen watan Yuli, 1936, da damina ta yi tsakiya, waɗansu manya suka ƙulla shawarar su auka wa Adis Ababa ta kowace kusurwa. A cikinsu akwai 'ya'yan Ras Kassa biyu, Abera da Asfawasan, da tsoho Balca wanda ya ga Adwa da idonsa, da Abebe Aregai wanda a da shi ne shugaban 'yan sandan birnin. Ba su da waya, ba su da rediyo, sai ɗan aike da ƙafa. Saboda haka kowa ya iso a lokacinsa dabam, aka kore su ɗaya bayan ɗaya. Aka kama Abuna Fetros, wani babban malamin Kirista da ke tare da su, aka ce ya yi mubaya'a, ya ƙi, aka harbe shi a bainar jama'a.

Kafin shekara ta zagayo manyan sun ƙare. Balca ya faɗi a fagen fama. 'Ya'yan Ras Kassa sun miƙa wuya cikin Disamba a kan alkawarin aminci, aka kashe su. Ras Imru ya sallama a bakin kogin Gojeb, aka kai shi kurkuku a Italiya. Ras Desta, surukin Sarki, aka kama shi cikin Fabrairu, 1937, aka kashe shi. Duk wanda ya riƙe babbar runduna a wuri guda, an gama da shi.

Wanda ya saura shi ne wanda ya gane karatun. Abebe Aregai ya janye zuwa duwatsun Shawa, ya rarraba mutanensa ƙungiya ƙungiya. Ga tushen yaƙin sunƙuru na fari ke nan: marar ƙarfi ba ya yarda a zaɓa masa rana ko fili. Ba ya neman kare gari, ba ya jin kunyar gudu. Babban abin da ya ke nema shi ne gobe ta same shi da rai, da bindigarsa a hannu, gama muddin yana nan, maganar mai mulki cewa ƙasa ta kwanta ta zama ƙarya.

ƘASA DA DAMINA

Abu na biyu shi ne ƙasa. Wanda bai san Habasha ba zai yi wuya ya gane yadda ta ke. Tudu ce mai tsawo ƙwarai, ita kanta Adis Ababa tana kusan ƙafa 8,000 bisa teku. Koguna sun tsattsaga tudun nan da kwazazzabai masu zurfi, har mutum ya hangi ƙauye a tsallake, ya ji carar zakaransa, amma ya yini bai kai ba. Akwai kuma duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai da su ke kira amba, gefensu a miƙe kamar bango, hanyar hawa ɗaya ce ko biyu, a bisa kuwa ga ruwa ga gona. Mutum goma a bakin irin wannan hanya sun ishi ɗari.

Italiyawa sun san haka, shi ya sa suka zuba dukiya mai yawa wajen gina hanyoyin mota na dubban mil, waɗansu har yanzu a kan sawunsu a ke tafiya. Amma hanya tana da baki biyu. Ta kan kai soja inda ya ke so da sauri, ta kan kuma ɗaure shi a kanta. Mota ba ta hawan dutse, ba ta bin turbar alfadari. Kowace gada tana bukatar mai gadi, kowane sansani yana bukatar a kawo masa abinci da man fetur, kowane ayarin motoci kuwa dole ya bi ta wata matsatsiya inda za a iya yi masa kwanton ɓauna. Haka hanyar jirgin ƙasa ta Jibuti, wadda ita ce maƙogwaron birnin, tun cikin Yuli, 1936, aka fara tsinka ta.

In damina ta sauka, daga Yuni zuwa Satumba, sai ƙasa ta koma hannun masu ita. Koguna su cika, hanyoyi su zama taɓo, gajimare ya rufe duwatsu jirgi ya kasa gani. Sojan Italiya su shige ganuwoyinsu su jira kaka. Da rani su fito da ayari mai tsawo, su ƙone ƙauyuka, su tarar ba kowa, su koma, mutanen dutse su sauko a bayansu. Bisa takarda Italiya ta mallaki ƙasa duka. A zahiri kuwa a larduna da dama, kamar Gojam da Begemdir da arewacin Shawa, ikonta bai wuce inda harsashin sansani ke kaiwa ba.

Makamai fa? Mai yaƙin sunƙuru ba shi da maƙera, rumbunsa na hannun abokin gabansa. Yawancin sojan da Italiya ke aikawa daji ba Turawa ba ne, askarawa ne 'yan Iritiriya da Somaliya da 'yan ƙasa. In aka faɗa wa ayari, a kwashi bindigogi da harsashi. In askari ya gaji da bautar baƙo, ya sulale da dare da bindigarsa. Harsashi ya yi daraja har ana ciniki da shi kamar kuɗi.

DA ƊAN GARI A KAN CI GARI

Abu na uku, wanda ya fi sauran duka, shi ne jama'a. Dutse ba ya dafa tuwo. Mayaƙin da ke kwana a kogo, wani ne ya noma abin da zai ci, wata ce ta niƙa ta toya ta ɗauko a ka cikin dare. Wani makiyayi ne ya ga ƙurar motoci ya aiko yaro da gudu. Kuma in soja suka zo ƙauye suna tambaya, ƙauye duka ne ke cewa ba su ga kowa ba. Ran da ɗaya daga cikin waɗannan ya yanke, mayaƙi ya zama ɗan fashi mai jin yunwa, kwanansa kuwa ya ƙare.

Saboda haka Arbanyoc hawa hawa ne. Akwai waɗanda suka bar gida ɗungum suka zauna daji. Akwai manoma da ke fitowa in an yi kira, in an gama su ɓoye bindiga su koma bayan shanun huɗa. Akwai kuma waɗanda Habashawa ke kira 'yan kishin ƙasa na ciki, watau masu zama cikin birni a ƙarƙashin tutar Italiya, akawuna da tafintoci da 'yan kasuwa da barorin gida, suna sauraro, suna aikawa da labari da magani da harsashi. Mata sun yi suna ƙwarai a wannan aiki, don ba a cika zarginsu ba. Shawaragad Gadle an kama ta, an azabta ta, an ɗaure ta, da ta fito ta koma kan aikinta, har ta taimaka aka shirya harin da aka kai wa sansanin Adis Alam. Kabadac Seyum kuwa, matar Abera Kassa, da aka kashe mijinta sai ta tara mutanensa ta ja su yaƙi da kanta.

To, me ya sa talaka ya yarda ya ɗauki wannan kaya mai nauyi? Kada mu ce kishin ƙasa kaɗai, gama da fari mutane da yawa sun zura ido ne su ga yadda sabon mai mulki zai kasance. Wanda ya yanke musu shawara shi ne Marshal Giraziyani, wakilin Sarkin Italiya a ƙasar.

Ran 19 ga Fabrairu, 1937, Giraziyani ya tara jama'a a fada yana rabon sadaka. Waɗansu samari biyu 'yan asalin Iritiriya, Abraha Daboc da Mogas Asgadom, suka jefa gurneti, suka yi masa rauni amma bai mutu ba. Nan take aka buɗe wuta a kan taron, har makafi da guragun da suka zo karɓar sadaka. Sa'an nan aka saki 'yan jam'iyyar Fasist a gari kwana uku, suna kisa da wuƙa da kulki da shebur, suna cinna wa bukkoki wuta da mutane a ciki. Gwamnatin Habasha ta ce mutum 30,000 suka halaka, binciken da aka yi daga baya ya kai lissafin wajen 19,000. Aka bi samarin da suka yi ilmin zamani ɗaya ɗaya aka kashe. Cikin watan Mayu aka aika Janar Maletti zuwa Dabra Libanos, gidan ibada mafi daraja a wurin Kiristocin ƙasar, aka harbe masu ibada da almajiransu. Lissafin Italiyawa da kansu ya wuce 400, masu bincike kuwa sun ce ya haura 1,000.

Giraziyani ya zaci tsoro zai kwantar da ƙasa. Abin da ya koya wa mutane shi ne biyayya ba ta tsirar da kowa. Wanda ya miƙa wuya an kashe shi, wanda ya zo karɓar sadaka an kashe shi, wanda ya shige ɗakin ibada an kashe shi. In zama gida da shiga daji duk mutuwa ce, ai gara ta daji, ko ba kome da bindiga a hannu. Kafin daminar 1937 ta ƙare, wuta ta kama ko'ina. Hailu Kabada ya tashi a Lasta, aka kama shi cikin Satumba aka sare kansa aka kafa a kasuwa, abin bai tsaya ba. A Gojam ga Mangasha Jambare da Nagash Bazabi da Belai Zallaka, a Begemdir ga Wubne wanda a ke yi wa kirari da Mikiya, a kudu maso yamma ga Garasu Duki. Ramin mugunta, an ce, a gina shi gajere. A ƙarshen shekara Musolini ya janye Giraziyani, ya aiko da wani ɗan sarauta, Amediyo na Awosta, wai ya zo da lallashi.

Amma kada mai karatu ya ɗauka zalunci kullum tayar da mutane ya ke yi. Shi wannan Giraziyani ya riga ya gwada hannunsa a Libiya a kan Umar Mukhtar, wanda ya yi shekara kusan ashirin yana yaƙin sunƙuru. A can sai aka kwashe mutanen Jabal Akhdar, wajen 100,000, da dabbobinsu, aka tsare su a sansanoni cikin hamada inda dubbai suka mutu, aka kuma ja waya mai ƙaya a kan iyakar Masar don kada gudummawa ta shigo. Da aka raba mayaƙa da masu ciyar da su, aka kama Umar Mukhtar, aka rataye shi cikin Satumba, 1931, yaƙin ya mutu. A Habasha ba a iya haka ba, don mutane miliyoyi ne, ƙasa kuwa ta fi ƙarfin shinge. Can da nan duka, jama'a ce fagen yaƙin, kuma ita ce ta sha wuya.

INDA BANGO YA TSAGE

Da za mu tsaya nan, da mun yi wa tarihi kwaskwarima. Habasha ba ta tashi da murya ɗaya ba. Ƙasa ce mai al'ummu da yawa, waɗansu kuwa ba a daɗe da shigar da su daular da takobi ba, zamanin Menelik, aka ƙwace gonakinsu aka mai da su bayin ƙasa. Irin waɗannan ba su ga dalilin mutuwa saboda sarautar Shawa ba. Italiya ta lura da wannan tsaga, ta shiga ta nan. Ta yi shelar 'yanta bayi, ta jawo waɗansu Oromo a jika, ta nemi zuciyar Musulmi da gina masallatai, har da babban masallacin Adis Ababa. A cikin manya ma ta sami nata. Haile Selassie Gugsa na Tigre ya koma wajenta tun farkon yaƙi, Ras Hailu na Gojam kuwa ya zama na hannun damanta. 'Yan ƙasar da suka ɗauki bindigar Italiya ana kiransu banda, sunan kuwa har yau zagi ne a Habasha. Su suka san turba, su suka san harshe, su suka san gidan kowa, saboda haka sun fi Bature ban tsoro.

Su kansu Arbanyoc ba su da shugaba guda. Kowane jarumi sarki ne a dutsensa, wani lokaci gabar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa ta fi wadda ke tsakaninsa da Italiya zafi. Kuma ba kowane mai bindiga a daji ne ɗan kishin ƙasa ba, akwai 'yan fashi da suka fake da sunan. Manomi kuwa yana tsakanin wuta biyu. Da dare mutanen daji su karɓi hatsinsa, da rana soja su ƙone rumbunsa don ya bayar. Cikin Afrilu, 1939, a wani kogo a Zeret ta arewacin Shawa, iyalan mayaƙa suka ɓuya, mata da yara da tsofaffi. Aka jefa musu guba, waɗanda suka fito aka harbe ɗaruruwa.

Zuwa wannan shekara an kai wani hali mai ban tausayi. Italiya ba ta iya murƙushe su ba, su kuma ba su iya ƙwace ko babban gari guda ba, gama ba a fasa ganuwa da bindigar hannu. Harsashi ya yi ƙaranci, mutane sun gaji. Abebe Aregai ya shiga aike-aike da Italiyawa, yau ya ce zai sallama, gobe ya kawo wani sharaɗi, yana ja musu rai yana hutar da mutanensa. Wannan shi ne iyakar yaƙin sunƙuru in ya tsaya shi kaɗai. Yana hana mai mulki cin moriyar abin da ya ƙwace, yana sa shi ɓarnar dukiya da rayuka, yana sayen lokaci. Amma lokacin nan sai an sami abin da za a yi da shi.

GUDUMMAWA DAGA WAJE

Ran 10 ga Yuni, 1940, Musolini ya shiga Yaƙin Duniya na Biyu a gefen Jamus. Ingila, wadda ta riga ta amince da mulkin Italiya a Habasha cikin 1938, sai ga shi bukatarta ta zo daidai da ta mutanen dutse. Italiya tana da soja fiye da 250,000 a gabashin Afirka, amma an rufe mata teku, ba mai, ba taya, ba gudummawa. Aka kawo Haile Selassie Hartum. Cikin Agusta wani Kanar Sanfod, wanda ya daɗe da zama a Habasha, ya ƙetara iyaka da 'yan mutane kaɗan da alfadarai, ya shiga Gojam. Aikinsa na fari ba harbi ba ne, sulhu ne. Sai da ya zaunar da Mangasha da Nagash suka yafe wa juna, kana aka yi maganar makamai.

Ran 20 ga Janairu, 1941, Sarki ya taka ƙasarsa ta iyakar Sudan. Mai jan rakiyarsa wani hafsa ne, Winget, da soja ba su kai 2,000 ba, rabi 'yan Sudan rabi Habashawa, da raƙuma wajen 15,000 masu ɗaukar kaya, waɗanda kusan duka suka mutu a hawan duwatsu. Winget ya ƙi bin al'adar raba bindigogi ga duk wanda ya miƙo hannu, don ya ce wanda aka ba kyauta ɓoyewa zai yi. Sai ya riƙa aika ƙananan ƙungiyoyi na horarrun soja su kai hari da dare a idon jama'a, wanda ya ga an yi ya biyo. Italiyawa kuwa, da ya ke jama'a ta rufe musu ido da kunne, ba su san yawan masu bin su ba. Suka zaci babbar runduna ce, suka bar Burye, suka bar Dabra Markos, alhali sun ninka abokan gabansu sau da yawa. Rashin sani, an ce, ya fi dare duhu.

Amma ƙashin bayan Italiya a fili aka karya shi. Daga arewa sojan Indiya da na Ingila suka yi kusan wata biyu suna fama a duwatsun Keren kafin su fasa cikin Maris. Daga kudu rundunar Janar Kanningham ta taso daga Kenya, da sojan Afirka ta Kudu da na Afirka ta Gabas da na Gwalkwas da na Nijeriya. A nan labarin ya taɓo gida, gama sojan Nijeriya, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, Hausa kuwa ita ce harshen bariki, su suka shiga Magadishu ran 25 ga Fabrairu, suka wuce gaba suka ci fiye da mil 700 cikin kwana 17 har Jijiga, suka fasa mashigin Marda suka kai Harar. Adis Ababa ta faɗi ran 6 ga Afrilu. Amediyo ya sallama a Amba Alagi cikin Mayu, Gondar kuwa, sansani na ƙarshe, ran 27 ga Nuwamba.

Wa ya ci yaƙin ke nan? Marubutan Ingila na lokacin sun ba sojansu yabo, Habashawa sun ba Arbanyoc. Mu dai abin da muka gani shi ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba don rundunonin fili ba, da mutanen dutse sun tsufa a dutse. Ba don mutanen dutse ba, da bataliyoyin da aka ɗaure suna gadin Gojam da Shawa sun tafi Keren, da askarawa ba su yi ta gudu ba, da kuma Habasha ta fito daga yaƙin a matsayin ganimar da wani ya ƙwato daga hannun wani. Abin da ya ba Haile Selassie bakin cewa ƙasarsa ba ta taɓa sallamawa ba, shi ne jinin waɗanda suka zauna.

BAYAN AN SAUKE TUTA

Saura abu guda, wanda masu ba da labarin jaruntaka ba su cika faɗa ba. Yaƙin sunƙuru ya fi wuyar kashewa bisa kunnawa. Mutumin da ya shekara biyar ba mai ba shi umurni, yana yanka hukunci da kansa, yana karɓar haraji da kansa, ba ya komawa talaka a kwana ɗaya. Sarki ya komo ya tarar da ƙasa cike da bindigogi, da mutane kashi uku masu harara juna: waɗanda suka yi daji, da waɗanda suka yi hijira, da waɗanda suka bauta wa Italiya. Don ya tsayar da mulkinsa sai ya yi ta auna su da juna, har waɗansu da suka yi banda suka sami muƙami, waɗansu da suka yi daji suka tashi da hannu wofi.

Abebe Aregai ya dace. An tabbatar masa da sarautar Ras, ya riƙe ma'aikatu manya, ya zama Firayim Minista cikin 1957, ya mutu a hannun masu yunƙurin juyin mulki cikin Disamba, 1960. Belai Zallaka kuwa, ɗan talakawa wanda Italiya ta kasa kamawa, an ba shi ɗan ƙaramin yanki, aka ɗora waɗansu 'ya'yan sarauta a kansa. Ya ƙi bin umurni, aka kai masa yaƙi, aka ɗaure shi, ya tsere, aka sake kama shi. Cikin Janairu, 1945, gwamnatin da ya yi wa yaƙi ta rataye shi a Adis Ababa. Mutanen Gojam ba su manta ba, har yau suna waƙarsa.

Giraziyani fa? Habasha ta nemi a kawo shi gaban shari'a saboda abin da ya yi mata, ba a kawo shi ba. Kotun Italiya ta ɗaure shi saboda haɗa kai da Jamus, bai daɗe ba aka sake shi, ya mutu a Rum cikin 1955.

A Adis Ababa akwai wata doguwar hasumiya ta dutse a dandalin da a ke kira Yekatit 12, watau ranar 19 ga Fabrairu a lissafin watanninsu, an zana mutanen da aka kashe a jikinta. Akwai kuma siffar Abuna Fetros da sarƙa a hannu, kusa da inda aka harbe shi. Kowace shekara ran 5 ga Mayu ana hutu don tunawa da Arbanyoc. Sunayen jarumawa an rubuta su a littattafai da kan tituna. Matar da ta toya gurasa ta hau dutse da ita cikin dare, da manomin da aka ƙone rumbunsa sau uku bai buɗe baki ba, ba wanda ya rubuta nasu. In masu karatu sun tuna da wannan yaƙi, muna roƙo su tuna da su tukuna, gama a kan wuyansu aka yi shi.